Sunayen Sobhan Chacha

Shekara tara ina cin shinkafar Sobhan Chacha kafin in san cewa ba Sobhan ne sunansa ba. Har yau in na tuna raina yakan ɓaci, ba zan ɓoye ba.

Shi ne mai dafa mana abinci a faranga, wato jerin bukkokin leda da kara da muke kwana a ciki a bayan gonakin faraula, wato strawberry, na yankin Iliya a yammacin Girka. Mu arba'in da 'yan kai ne a layinmu, duk 'yan Bangladesh, yawancinmu mutanen bakin kogin Padma. Da sassafe mu shige ƙarƙashin rumfunan leda muna tsinkar faraula a duƙe, da la'asar mu dawo baya ya ƙage, mu tarar da shinkafa da miyar wake da muke kira dal da dakakken dankali mai barkono suna jiranmu. Chacha muke ce masa, baffa ke nan, don ya girme mu duka. Gajere ne, siriri, gemunsa ja da lalle, kuma ɗan yatsansa na hagu guntule ne tun yana yaro, wuƙar gyaran kifi ta ɗauke kan.

Ban taɓa ganin mutum mai zargi kamarsa ba. In ka ce masa ina kwana, sai ya tsaya tukuna ya auna abin da kake nema. In mai gona ya yi mana dariya, ranar Chacha ba ya barci da rana, yana jiran abin da zai biyo baya. Ba shi da waya, ba ya shiga hoto, ba ya sa hannu a komai. Kuma ba zan ce ba shi da dalili ba. Dillali na farko, tun a Dhaka, ya ce masa Italiya za shi, ya buɗe ido ya gan shi a Libya. Na biyu ya zubar da su a wani tsauni ya ce garin na bayan dutsen nan, suka yi kwana huɗu suna neman garin. Na uku, a Atina, ya karɓi hotunansa da cikakken sunansa zai yi masa takardar zama, takardar kuwa ta fito, sai dai wani ƙato ne daban yake yawo da ita. Wanda maciji ya sara, ko tsumma ya gani sai ya yi tsalle.

Tun daga nan ya kafa wa kansa doka, kuma kowane sabon zuwa sai ya karanta masa ita kafin ya zuba masa abinci.

"Mai alƙalami ba ya tambayar sunanka don ya yi maka addu'a. Ka ba shi wani, naka ka bar shi a ciki."

A asibitin garin Patra shi Jobbar ne. A wajen 'yan sanda Kuddus. Mai gona kuwa Ali yake ce masa, kamar yadda yake ce wa kowannenmu, kuma Chacha yana jin daɗin hakan ƙwarai.

Abu ɗaya ne na san yana so a duniya: ya ga mahaifiyarsa da rai. Tana zaune da ƙanwarsa a wani ɗakin kwano a kan jingar kogi, kuma aikinsa ne yake ciyar da su. Ba shi da takarda, in ya fita daga Girka ba zai iya dawowa ba, in bai dawo ba kuwa tukunyarsu ta mutu. Saboda haka kowace Juma'a yakan ari wayata, ya tafi can bayan rumfuna inda ba mai jinsa, ya dawo ya goge lambar kafin ya miƙo mini.

A shekarata ta farko a faranga Dilruba Apa ta zo, Apa kuwa yaya mace ke nan a harshenmu. Wata farar mota ce ta sauke ta, mace mai kimanin shekara talatin da biyar, da mayafi a kafaɗa da takalmin roba a ƙafa, da jaka cike da takardu. Ranar Lahadi ce, duk muna nan. Liton, wanda bakinsa ba ya rufuwa ko a cikin barci, ya ruga ya goge mata bokiti ta zauna.

"Apa, in mijin aure aka aiko ki nema, ga ni. Haƙorana duka nawa ne."

Ta yi dariya ta ce ita ma'aikaciyar wani kamfanin ba da shawara ce. An ɗauke su haya su zagaya su ji yadda ma'aikatan gona suke zaune, ruwan da suke sha, cutar da ke damunsu, su rubuta rahoto ga masu ba da tallafi. Chacha yana tsugune yana tsince shinkafa, bai ko ɗago kai ba.

"Wa ke biyanki, Apa?"

"Kamfaninmu, Chacha."

"Shi kuma wa ke biyansa?"

"Wata ƙungiya ce a can arewacin Turai."

"Don ki zo ki tambaye mu ko muna jin ƙishi."

"Kusan haka ne."

"To madalla. A garinmu wanda yake tsayawa tsakanin mai abu da mai bukata ya ci daga tsakiya, dillali muke ce masa. Ban sani ba ko a Dhaka an canja masa suna."

Na zaci za ta tashi. Ba ta tashi ba, ta ce yana da gaskiya rabi, ta ciro takardu. Chacha ya bi mu ɗaya bayan ɗaya da ido, kowa ya gane. Ranar faranga ta cika da sababbin mutane: ni na zama Selim, wani ya zama sunan surukinsa. Liton ne kaɗai ya ba da sunansa na gaskiya har da na ubansa, wai ko Allah zai sa ta neme shi.

Da aka zo kan Chacha, sai da aka yi ta lallashi.

"Suna?"

"Jobbar."

"Shekaru?"

"Rubuta abin da ya yi miki."

"Zan iya ɗaukar hotonka?"

"Fuska a'a. Ɗauki hannun, shi ba shi da suna."

Ta ɗauki hannun, da ƙunar tukunya da guntulen yatsan. Ta tambayi masaukinsa, ya nuna bukkar da haɓa. Sai ta rufe alƙalaminta, ta ɗora takardar a cinya kamar an gama, ta juya harshe daga maganar 'yan birni zuwa irin tamu ta bakin kogi.

"Chacha, gidanku fa ina ne?"

A harshenmu kalma biyu ce. Inda kake kwana, ko shekara talatin ka yi a ciki, "basha" ne, masauki kawai. Gida na ainihi, inda aka binne kakanninka, shi ne "bari", kuma da wannan kalmar ta tambaye shi. Mutuminmu zai iya yi maka ƙaryar suna, ta shekaru, ta mata da 'ya'ya, amma ban taɓa jin wanda ya yi ƙaryar wannan ba. Kamar ka tsaya a kan kabarin ubanka ne ka ce ba ka san shi ba. Kafin Chacha ya kama bakinsa, maganar ta riga ta fita.

"Nolkandi."

"Nolkandin da kogi ya cinye?"

Ya dube ta, a karon farko.

"A damina ɗaya. Da masallacin, da makarantar, da itacen mangwaron babana."

Ta ce dangin mahaifiyarta daga tsallaken kogin suke, ta san labarin. Ta buɗe alƙalami ta rubuta, yana kallo.

Kwana uku muna cin abinci mai gishiri kamar hukunci. Yana juya tukunya yana faɗa shi kaɗai.

"Kun ga dabarar? Ta rufe alƙalami don in buɗe baki! Wannan ta fi dillalan nan duka ukun iya aiki."

Bayan kamar shekara aka kawo mana tankin ruwa shuɗi da sunan ƙungiya a jiki. Ya yi wata biyar famfonsa ya karye, ba wanda ya zo gyara. Aka kuma aiko wani littafi mai sheƙi da Turanci, a bangonsa ga hannun Chacha, ƙato, riƙe da ludayi. Ya juya shi gaba da baya.

"Ga shi nan. Sun sayar da hannuna, ni ko kuɗin sabulu ban gani ba."

Ranar ban yi masa musu ba, don ni ma abin da na gani ke nan. Bayanta wasu masu jaka sun zo, ba ɗaya ba, ba biyu ba. Kowa da tambayoyinsa, kowa ya tausaya mana, kowa ya shiga mota ya tafi. Har muka ƙware, muna iya gaya wa mai jaka amsar tambaya ta bakwai tun yana kan ta biyu.

Shekara takwas suka wuce. Wata Juma'a a cikin sanyi Chacha ya dawo daga bayan rumfuna ya miƙo mini waya bai goge lambar ba, abin da bai taɓa yi ba. Da kyar na ciro maganar daga bakinsa. Idon tsohuwa ya tafi, kuma ta fara rikicewa, wani lokaci tana kiran ƙanwarsa da sunan wata mata da ta mutu tun da daɗewa.

A watan nan ne Dilruba Apa ta dawo, da furfura a goshi da sabuwar jaka. Wani aikin aka ba kamfaninsu, wannan karon tare da wata lauya 'yar Patra, Kiriya Evdokiya, doguwar mace mai shan sigari kamar an sa ta. Lauyar ta ce akwai hanya ga wanda zai iya nuna da takarda cewa ya yi shekara bakwai a ƙasar bai fita ba. In ya samu, zai je gida ya dawo.

Liton ya kwaso tarkacensa a leda: katin asibiti, takardar 'yan sanda, har da tarar da aka ci shi a bas, duk da suna ɗaya. Lauya ta duba ta ce wannan ya gama. Ya riƙa zagaya faranga yana rawa.

"Chacha, ka ga amfanin wauta? Wawa ya ci, mai wayo yana tsince shinkafa!"

Na kusa marinsa, don na ga fuskar Chacha. Shekara goma sha ɗaya yana Girka, amma a takarda bai taɓa zuwa ba. Jobbar ya je asibiti, Kuddus ya kwana a hannun 'yan sanda, Ali ya yi aiki. Shi kansa ba wanda ya gan shi.

Bayan mako biyu Apa ta sake zuwa, ta same shi a gindin murhu. Ta ce shekarun baya-bayan nan za a iya haɗa su da shaidar mai shagon da yake sayen shinkafa da ta likitan da ke zuwa da mota. Abin da ya rage shi ne tushe, takarda mai hatimi da kwanan wata wadda ta haura shekara bakwai. Sai ta ciro wata tsohuwar takarda a cikin leda. Suna Jobbar, ga hoton hannu an maƙala, a ƙasa kuma da rubutunta: Nolkandi.

"In fasfonka na ainihi ya ce Nolkandi, Chacha, ga kuma yatsan nan, lauya ta ce za ta iya tsayawa a kai. Mutum nawa ne daga Nolkandi a duk Girka? Amma sai ka kawo fasfon."

Ni a zatona zai yi kuka don murna. Sai ya ja da baya kamar an nuna masa wuta.

"Shekara takwas kina ajiye da takardata? Don me?"

"Ba ma zubar da su, ƙa'idar aiki ce."

"Ta mutum arba'in, tawa kaɗai kika tuna? Ruwa ba ya tsami banza, Apa. Wa ya aiko ki?"

"Na tuna ne saboda mangwaron babanka."

"Haka wancan dillalin ma ya ce, wai na yi kama da yayansa."

Wata huɗu yana wannan. Apa ta zo sau uku, ta aiko saƙo ya fi goma. Wata rana ya ce fasfon ya ƙone, wata rana ya ce yana hannun wani a Atina. Ya sa aka bincika masa ko da gaske dangin uwarta daga tsallaken kogi suke, aka ce da gaske ne, ya ce to wannan ya nuna ta shirya sosai. Kakar faraula ta ƙare, zafi ya shigo, kowace Juma'a yana dawowa daga bayan rumfuna fuskarsa ta ƙara faɗawa.

Ni ne na gaji. Ya miƙo mini waya ran nan, na ƙi karɓa.

"Riƙe, na ba ka. Ka ji muryarta har ranar da za a kira ka a ce an binne ta."

"Mizan, ka iya bakinka."

"Ba zan iya ba! Ka ɓuya wa dillali, ka ɓuya wa ɗan sanda, yanzu uwarka kake ɓuyar wa. In matar nan ta cuce ka, me za ta ɗauka? Ludayin? A ce ma dillaliya ce, Chacha. To ba dillalin ne ya kawo ka ba? Bari wani ya mayar da kai!"

Ranar ban ci abincinsa ba. Washegari da hantsi ya kira ni, ya naɗe hannun riga ya zura hannu har kafaɗa a cikin duron shinkafa. Ya ciro wani ƙunshi, leda a cikin leda a cikin leda. Shekara tara ina cin shinkafar da ke kwance a kan fasfonsa.

Muka hau bas zuwa Patra, ƙunshin yana ɗaure a ƙugunsa ƙarƙashin riga. A ofishin lauya ya ɗora shi a tebur amma bai ɗauke hannu ba, sai da Apa ta ce, "Chacha, ba za ta iya karantawa ta cikin yatsunka ba." Kiriya Evdokiya ta buɗe, ta karanta da irin lafazinsu.

"Motaleb Dhali."

Na waiwaya in ga wanda ya shigo. Ba kowa. Chacha yana kallon bango.

Adireshin ya ce Nolkandi. Lauya ta ɗora hoton hannun kusa da hannun, ta ce wani abu da Girkanci ta buga tebur, Apa ta rufe fuska da mayafi. Ni kuwa ba murna nake ba. Ni na yi jinyarsa lokacin da zazzaɓi ya kusa kashe shi, da wayata yake jin muryar uwarsa, ashe ni ma a layin 'yan sanda da mai gona ya sa ni. A bas ban yi masa magana ba. Da muka wuce rabin hanya ya naɗa ganyen pan, wanda muke taunawa kamar goro, ya miƙo mini.

"Wanda bai sani ba, ko an doke shi ba zai faɗa ba. Don kai na yi."

"Don kanka dai."

"To, don mu biyu."

Na karɓi pan ɗin, amma ban huce ba.

Takardar ta ɗauki wata goma. A tsakani kwangilar kamfanin su Apa ta ƙare, ta koma Dhaka, amma ba ta daina kiran lauya ba. Chacha ya ce wani littafin take haɗawa. Na ce ya ji tsoron Allah. Da rahotonsu ya fito kuwa, ga labarinsa a shafi na goma sha huɗu, an sa masa suna Karim. Ya sa Liton ya karanta masa sau biyu, sannan ya dube ni. Har yau ban san inda aikin matar nan ya tsaya da inda zuciyarta ta fara ba, kuma na daina ƙoƙarin sani.

Ranar da katin ya fito ya juya shi, ya ɗaga shi a rana, ya ɗan cije gefensa. Ya tafi da jaka ɗaya da bargo mai laushi da ya saya wa tsohuwa. Muka yi mako shida muna cin jagwalgwalon Liton.

Na dawo daga gona wata la'asar na tarar da shi tsugune a gindin murhu yana yanka albasa, kamar bai je ko'ina ba. Na gaishe shi, na tambayi hanya, na tambayi tsohuwa. Ya ce tana nan da rai. Na juya zan tafi, don na san Chacha ba ya ƙari a kan abin da aka tambaye shi.

"Zauna, Mizan."

Na zauna. Bai daina yankan ba.

"Na same ta a bakin ƙofa tana shan iska. Na durƙusa na taɓa ƙafarta, na ce Inna, ni ne. Ta shafa fuskata, ta shafa gemun. Ta ce, bawan Allah, wa kake nema? Na ce ni ne Motaleb. Ta ce ba ta san shi ba. Wannan sunan makaranta ne, ba ta taɓa kirana da shi ba."

Ya share albasar gefe da bayan wuƙa.

"Sai ta ce, gidanku ina ne, ɗan nan? Na ce Nolkandi. Ta riƙe hannuna da ƙarfi, ta ce, ayya, kogi ya cinye mana shi. Ta ce ina da ɗa a can, Gedu, ya tafi ƙasar waje. In ka gan shi ka ce ya yi sauri."

"Ba ka ce mata kai ne ba?"

"Kullum. Mako shida. Ta saba da ni, tana ajiye mini kan kifi, tana ce wa ƙanwata a ba baƙon nan ɗan garinmu. Ƙanwata ta ce da na zo kafin azumi, da ta gane ni. Har lokacin tana gane murya."

Na lissafa a zuciyata, na san shi ma ya riga ya lissafa. Tsakanin azumi da ranar da ya sauka, wata uku ne da 'yan kwanaki, shi kuwa wata huɗu ya yi yana jan ƙafa da fasfon. Ba abin da zan faɗa wanda bai faɗa wa kansa ba a jirgi.

Ya goge ido da kafaɗa, ya ce albasar bana tana da zafi. Ya ɗauko wata ya fara ɓarewa.

"Gedu," ya ce, ba tare da ya dube ni ba. "Shi ne sunana. In kana da alƙalami, rubuta."